Gudu da Tsoro a Kan Babur

Ɗan'uwa, babur mai ƙarfi ba ya bari ka ji yawan gudun da kake yi. In kana tafiyar kilomita 90 a awa, mita 25 kake ci a kowace daƙiƙa. Daga ganin akuya ta faɗo kan kwalta zuwa kai hannu ga birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce ko fiye. Ka ci mita 25 ke nan, ba ka ma fara tsayawa ba. In kuma ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata ya ninka sau huɗu.

Tsoro iri biyu ne. Akwai mai sa ka rage gudu kafin kwana, ko ranar kasuwa, ko da almuru sa'ad da amalanke ke komawa gida ba fitila. Wannan ka riƙe shi. Shi ne tramol yake kashewa, ga shi kuma yana iya kawo jijjiga kana bisa hanya.

Ɗayan firgita ce. Ita ke sa ka damƙe birkin gaba a kan yashi, taya ta zame. Ka ja birki sannu sannu, ka dubi inda kake so ka bi, ba ramin ba, gama babur yakan bi idon mai shi.

Sa hular kwano, ka ɗaure igiyarta a haɓa. Ƙafa in ta karye muna iya ɗorawa, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta ɗoruwa. Wanda ya bugu a kai, in ya fara amai ko barci mai nauyi, a kawo shi asibiti nan take, ko da ya tashi da ƙafarsa.