Daga Dandume zuwa Malumfashi: abubuwan mamaki a taƙaice

Da an ambaci kayan tarihi a Jihar Katsina, sai a tuna Hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu ta Daura. Kudancin jihar kuwa, wai masara ce kawai da auduga. Ba haka abin yake ba.

Kogin Sakkwato ba a Sakkwato ya faro ba. Tushensa na nan kusa da Funtuwa, daga nan ya ratsa Gusau, ya haɗe da Rima dab da birnin Shehu, ya gangara Kogin Kwara. Wato ruwan da ya sauka a wasu gonakin yankin nan da damina, a cikinsa masuntan Argungu ke jefa koma.

Hakimin Funtuwa kuma Sarkin Maska ake ce masa. Maska ce uwa, tsohon gari mai sarauta tun kafin jihadi, wanda ya yi suna wajen saƙa da rini. Sai Turawa suka zo da injin gurzar auduga, suka shimfiɗa dogo daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Fatake suka bi jirgi, kasuwa ta bi fatake, 'ya ta shafe uwa. Yau direbobi nawa ne ke ratsa Funtuwa ba su san inda Maska take ba?

Haka Gozaki ta ƙasar Kafur, ita ma tsohuwar masarauta ce, amma sai ka yi tambaya kafin ka gano hanyarta.

Galadiman Katsina a Malumfashi yake zama, Makama a Bakori. Marigayi Galadima Mamman Nasir, wanda ya rasu a 2019, shi ne ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Najeriya daga 1978 zuwa 1992.

Mamman Shata fa? Musawa aka haife shi, Funtuwa ya zauna, Kano ya cika a 1999, Daura aka rufe shi.

Mutumin Dandume ya fi kusa da Zariya a kan birnin Katsina nesa ba kusa ba, amma birnin Dikko yake kai gaisuwar Sallah ga sarki.

Malaman makarantun yankin, in za ku kai yara yawon buɗe ido bana, ku fara da Maska da Gozaki.