Canjin Famfon Ruwan A-kori-kura Idan Ya Fara Yoyo

Famfon ruwa, wanda fambel ke juyawa, shi ke kewaya da ruwa tsakanin inji da lagireto domin zafi kada ya wuce haddi. A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar huda da maƙera suka bari da gangan, saboda idan robar da ke tare ruwa ta ci, ɗigo ya bayyana ta nan, direba ya farga tun inji bai ƙone ba. In kuwa boris ya soma kuka, to, al'amari ya yi nisa.

Wajibi ne makanike ya dakata har inji ya huce, domin ruwan lagireto mai tafasa yana saɓule fata. Sa'an nan ya tsiyaye ruwan, ya sassauta fambel, ya kwance notuna, ya cire tsohon famfon, ya kankare ragowar tsohon gaskit sarai, gama ɓarɓashi kaɗan ya isa ya dawo da yoyo. Notunan sabon famfo kuwa a ɗaure su sannu-sannu, wannan daura da wancan.

Wajen sake cika lagireto, a guji ruwan rijiya mai gishiri, domin yana haddasa tsatsa. A zuba ruwan sanyaya inji, a bar injin yana aiki har iskar da ta maƙale ta fita.