Littattafan Japan Kyauta: Ina Suke, Me Ya Sa Wasu Ke Kulle?

A hostel ɗin nan ba a rasa masu kallon anime, kuma a cikinsu akwai waɗanda abin ya wuce kallo, har sun fara haddar hiragana da katakana, wasu da niyyar neman tallafin karatu na gwamnatin Japan da ake kira MEXT. Matsalar da ke tarar kowa bayan wata biyu ko uku ita ce abin karantawa. Littafin Japananci ba a Kasuwar Sabon Gari yake ba, kuma in ka shiga intanet sai ka yi ta cin karo da saƙon cewa ba a sayar da wannan littafi a ƙasarku. To, akwai na kyauta, na halal ma kuwa, amma sai ka san inda ƙofar take.

Wuri na farko shi ne Aozora Bunko, wato "ɗakin karatun shuɗin sama". Tomita Michio da abokansa ne suka kafa shi a 1997, kuma har yau 'yan sa-kai ne ke buga littattafan a kwamfuta, wasu su bi su duba kurakurai. Ayyukan da ke ciki sun haura 15,000. Ba rajista, ba katin banki, ba a tambayar ƙasarka. Nan za ka samu Botchan da Kokoro na Natsume Soseki, da Rashomon na Akutagawa Ryunosuke, da labaran Miyazawa Kenji da na Dazai Osamu. Ga mai lissafin data kuma, labari ne mai daɗi: rubutu ne zalla, littafi guda bai kai nauyin hoto ɗaya da ka ɗauka da waya ba.

Abu biyu ke rikita sabon shiga. Na ɗaya, in ka sauke fayil ɗin rubutun ka buɗe, wani lokaci sai ka ga tarkacen alamomi marasa ma'ana. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. An ajiye shi ne da tsarin haruffa na Shift_JIS, wayarka kuma tana zaton UTF-8 ne. Ka canza tsarin a manhajar, ko ka karanta kai-tsaye a shafin, shi ke nan. Japanawa ma suna da sunan wannan rikici, mojibake. Na biyu ya fi muhimmanci: a 1946 Japan ta gyara ƙa'idar rubutunta, don haka tsofaffin littattafai na da tsohon salon kana da tsofaffin kanji. Aozora na rubuta a jikin kowane aiki ko da sabon salo ne ko da tsoho. Mai koyo ya nemi sabo, kar ya je ya haddace abin da ba zai gani a jarrabawar JLPT ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi kawo gardama. Me ya sa Soseki na nan amma babu Murakami Haruki, babu ma Kawabata Yasunari da ya ci kyautar Nobel tun 1968? Amsar tana ga shekarar da marubuci ya rasu. Da can dokar Japan na kare haƙƙin mallaka har shekara 50 bayan mutuwar marubuci, daga nan aikinsa ya zama na kowa. Kowace ranar 1 ga Janairu Aozora kan saki sababbin sunaye, masu karatu na jira kamar ranar sallah. Tanizaki Jun'ichiro da Edogawa Ranpo, da suka rasu a 1965, sun shigo a 2016. Sai kuma ranar 30 ga Disamba 2018 yarjejeniyar kasuwanci ta ƙasashen yankin Pasifik ta fara aiki, wa'adin ya koma shekara 70. Dokar ba ta waiwayi waɗanda suka riga suka fita ba, amma ta rufe ƙofa ga na baya. Wanda ya rasu a 1967 ya tsallake. Wanda ya rasu a 1968 sai 2039. Mishima Yukio da ya mutu a 1970, da an samu littattafansa a 2021, yanzu sai 2041. Kawabata sai 2043. Wato shekara ashirin cur ba sabon suna da zai fita ta wannan hanya. A ganina wannan asara ce ga mai karatu, kuma da wuya a nuna ribar da marubucin da ya rasu tun zamanin kakanninmu ya samu.

Kada kuma a manta kowace ƙasa da dokarta. Aozora na bin dokar Japan ne. A Najeriya wa'adin littafi shekara 70 ne bayan rasuwar marubuci, a Amurka kuma ga tsofaffin littattafai ana ƙirga shekara 95 daga ranar bugawa. Soseki (1916), Akutagawa (1927), Miyazawa (1933) da Dazai (1948) duk sun cika 70, ba ka da damuwa da su. Tanizaki kuwa, a lissafin 70, ba zai cika ba sai ƙarshen 2035. In karatu kawai kake a wayarka wannan ba abin tada hankali ba ne, amma wanda ke tunanin fassara wani labari zuwa Hausa ya buga ya sayar, gara ya zaɓi wanda ya cika 70 ɗin. Ita ma fassara tana da nata haƙƙin daban. Kokoro na Japananci kyauta ne, amma fassarar Turanci da Edwin McClellan ya yi a 1957 ba kyauta ba ce. Project Gutenberg na da tsohuwar fassarar Botchan ta Yasotaro Morri, sai dai Turancin nata ya tsufa sosai.

Kullen yanki kuma wani abu ne daban, yawancinsa ciniki ne. Kamfanin buga littafi na sayar da izinin rarrabawa ƙasa-ƙasa, saboda haka shagon da ke da izinin Japan kaɗai dole ya hana na waje. Shi ya sa akawun ɗinka na amazon.com ba ya aiki a amazon.co.jp, kuma littattafan Kindle na can an tanade su ne ga mazauna Japan. Haka babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Japan: tsofaffin littattafan da wa'adinsu ya ƙare kowa na iya buɗe hotunansu daga ko'ina, amma hidimar da suka fara a Mayun 2022 ta aika wa mutum littattafan da aka daina bugawa sai mai rajista da ke zaune a Japan.

Na san wani zai ce, ai sai a kunna VPN a sa adireshin ƙarya. Ana yi, amma saɓa sharuɗɗan shagon ne, kuma littattafan a kulle suke da akawun ɗin. Ranar da aka rufe shi, duk abin da ka saya da kuɗin makarantarka ya tafi. Ga wahalar katin naira da biyan yen. Abin dariyar ma, da yawa daga littattafan sifili yen da ke Kindle na Japan daga Aozora aka kwaso su. Ka sha wahalar haura katanga alhali ƙofar gida a buɗe take.

Masu son manga, Shueisha ta buɗe Manga Plus a Janairun 2019. Kyauta ne, yana buɗewa a nan, kuma galibi ana ba da babi uku na farko da uku na ƙarshe na irin su One Piece. Nan kullen ya juya: mutanen Japan ne aka hana, su suna da nasu Shonen Jump+. Sai dai fassara ce, ba za ta koya maka Japananci ba. Shafukan sata kuwa, ban da tallace-tallacen banza da ƙwayoyin cutar waya, Japan ba ta wasa da su. An rufe Mangamura a 2018, an ɗaure mai shafin shekara uku a 2021, kuma a 2024 kotu a Tokyo ta umarce shi ya biya kamfanoni uku diyyar kusan yen biliyan 1.7.

Gaskiya, wanda bai wuce matakin N5 ko N4 ba kar ya fara da Soseki, zai gaji ya ajiye. Ƙungiyar Tadoku na da ƙananan littattafai kyauta masu hotuna, an jera su daga mataki na 0 zuwa sama, an kuma rubuta yadda ake furta kowane kanji a gefensa. In ka ɗan yi ƙwari, akwai Shosetsuka ni Naro, inda marubuta ke saka labaransu da kansu tun 2004. Re:Zero da Mushoku Tensei can suka fara kafin su zama littafi da anime. Japanancin yau ne, kuma marubutan da kansu suka ba da shi kyauta, amma haƙƙin yana hannunsu, don haka karantawa ce ba kwafa a raba a guruf ɗin WhatsApp ba. Ka sa Yomitan a burauzar kwamfuta, kalmar da ta shige maka duhu ka ɗora linzami a kai ta ba ka ma'ana. Daga nan sai ka gwada Kumo no Ito na Akutagawa a Aozora, don yara ya rubuta shi a 1918, kuma 'yan shafuka ne kawai.