Turamen ƙasa: saiwar kowa da irin tata

A garin Guci, wanda ke cikin gundumar Dungas tun shekarar 2011 da aka cire ta daga Magariya, mai ciwon haƙori yakan fara da jiƙo ko ƙwayar kan tebur. In abin ya ƙi, sai a nemi mai cirewa ranar kasuwa. Haƙorin da ya fi kai mutane ga wannan hali shi ne turmin farko na muƙamuƙin ƙasa. Yana fitowa ne yaro na da shekara 6, kafin a gama famfara, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsa haƙorin yarinta da zai faɗi wani ya maye gurbinsa, alhali ba ya da magaji.

Abin da ido ke gani na turmi kansa ne kawai. Saiwarsa tana cikin ƙashi kamar ta gawo a gona. A yawancin mutane saiwa biyu ce, ta gaba da ta baya, kuma a cikinsu akwai ƴan siraran hanyoyi guda uku da jijiya da jini ke bi: biyu a ta gaba, ɗaya a ta baya. Amma halitta ba ta zo iri ɗaya ba. Wani hanyoyinsa huɗu ne, wani kuma yana da saiwa ta uku a ɓoye ta wajen harshe, sau da yawa a lanƙwashe. Likitan haƙori Carabelli na birnin Biyana ya bayyana ta tun 1844. Wani bincike da aka wallafa a 1998 kan turame 480 na mutanen Senegal ya sami 15 masu saiwa uku, wato kimanin 3 cikin 100. A ƙasar Sin da maƙwabtanta abin ya fi haka yawa nesa ba kusa ba. A turmi na biyu kuwa, saiwoyin kan haɗe su zama guda, hanyar ciki ta yi siffar jinjirin wata.

Wannan bambanci shi ke raba magani da wahala. Likitan da ke son ceton haƙori yana buɗe shi, ya share kowace hanya, ya toshe ta. In guda ta ɓace masa, ƙwayoyin cuta na nan a ciki, ciwo zai dawo bayan an kashe kuɗi. Wajen cirewa kuma, saiwa mai lanƙwasa takan karye ta bar guntu a cikin ƙashi. Mugunyar turmin ƙasa tana iya gangarowa ƙarƙashin harshe, wuya ya kumbura har numfashi ya gagara. Turmin ƙarshe, mai fitowa bayan balaga, saiwarsa kan kusanci jijiyar leɓen ƙasa, wadda in aka taɓa ta leɓe ya mutu na ɗan lokaci ko har abada.

Saboda haka likita ke neman hoton haƙori kafin ya sa ƙarfe, abin da mai cirewa a kasuwa ba ya da shi. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin Guci, kuɗin mota zuwa babban asibitin Damagaram da na hoto suna da nauyi, amma ba su kai na jinyar kumburin wuya ba. Wanda ya ga kumburi a ƙarƙashin haɓa tare da zazzaɓi, ko bakinsa ya ƙi buɗewa, kada ya kwana bai je likita ba.