2,147,483,647: Lambar da Ta Ƙi Rabuwa

Ɗauki 2, ka ninka ta: 4, 8, 16, 32, ka yi ta tafiya har ka haɗa biyu-biyu guda 31. Daga abin da ka samu, cire 1. Amsar ita ce 2,147,483,647, wato biliyan biyu da 'yan kai.

Ka raba ta da 3, ko 7, ko 641, duk sai ta bar saura. Ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan lambobi ake kira firam, kamar 5 da 13. Wannan kuma tana cikin wani dangi na musamman, lambobin Mersenne, waɗanda aka sa wa sunan wani malamin coci ɗan Faransa, Marin Mersenne. Duk ana samun su ne ta hanyar ninka biyu a cire ɗaya: 3, 7, 31, 127. Tamu ce ta takwas a jerin. Kada ka ɗauka dabarar kullum tana ci. Biyu-biyu guda 11 a cire ɗaya na ba da 2,047, wadda 23 sau 89 ce.

To ta yaya aka tabbatar ba ta rabuwa, alhali babu kwamfuta? Leonhard Euler ne ya yi aikin a 1772, lokacin da idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. In da tana rabuwa, dole ɗaya daga masu raba ta ya kasance ƙasa da 46,341, domin 46,341 sau kanta ta riga ta wuce lambar. Sai Euler ya nuna cewa duk firam ɗin da zai raba ta, in aka raba shi da 248, saura 1 ko 63 zai bari. Nan take dubban lambobi suka koma ƙasa da 400. Aka gwada, babu wadda ta shiga. Ni a ganina wannan tankaɗe ya fi amsar kanta burgewa.

Tana kuma haifar da cikakkiyar lamba, irin su 6 da 28, waɗanda in ka tara masu raba su sai su dawo maka da su (1+2+3=6). Tata tana da alƙaluma 19.

Yanzu ina ruwanka? Kwamfutoci da yawa na ajiye lamba a gurabe 32, ɗaya na nuna ko tana sama da sifili ko ƙasa. In sauran 31 suka cika, 2,147,483,647 ke nan, ba gaba. A 2014 masu kallon bidiyon Gangnam Style suka haura wannan adadi, sai da YouTube ya faɗaɗa ma'auninsa.

Babbar rigimar tana tafe. Tsarin Unix na ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970. Ƙirgar za ta kai lambarmu ranar 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Na'urar da ba a gyara ba za ta koma Disamban 1901. Sababbin wayoyi sun koma gurabe 64, amma tsofaffin na'urorin da ke cikin injina da masana'antu sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.