Dalilan da ke sa giyar tsohuwar mota taurin shiga

A Dilimi da ke Jos, matattarar makanikai da 'yan kayan gyaran mota, taurin giya na cikin matsalolin da ake kai tsofaffin motoci dominsu, irin su Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna.

Kafin a sauke giyabos, akwai gwaji mai sauƙi. Idan giya na shiga salin-alin a lokacin da inji ke kashe, amma ta ƙi bayan an tayar da shi, to kuloci ne ba ya saki sosai. Sai a duba mansa ko ya ragu, ko iska ta shiga bututunsa.

Idan taurin na nan ko da inji a kashe, a duba sandunan giya da robobinsu.

Sanyin hunturun Jos kan sa man giya ya yi kauri da safe, musamman wanda ya daɗe ba a canja ba.

Amma idan giya ɗaya ce ke ƙara, galibi ta 2, zoben tagulla da ke daidaita gudun haƙora ne ya cinye. Tilasta mata shiga na iya farfasa haƙoran, kuɗin gyara ya ninka.