Daga Matameye zuwa layin bincike: abin da ke jiran matafiyi a filin jirgi

Mutumin Matameye da zai hau jirgi zuwa ƙasar waje, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya nufi filin jirgin Diori Hamani da ke Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ko ya bi ta Ɗan Barto, ya ratsa Daura ya isa filin Malam Aminu Kano, tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba. Ko ta ina ya bi, ɗalibi ne, ɗan kasuwa ko maniyyaci, sai ya tsaya a layin bincike.

A nan ne dattijon da ake durƙusa wa a gida zai ji an ce ya cire hula, ya kwance agogo, ya ɗaga hannuwa. Idan na'ura ta yi ƙara saboda laya ko guru, sai ya yi bayani a gaban jama'a. Idan jami'in ba ya jin Hausa, shi kuma ba ya jin Faransanci ko Turanci, ƙaramar magana sai ta koma tsawa. Sau da yawa abin da ke ɓata wa matafiyi rai shi ne yadda aka yi masa magana, fiye da binciken kansa.

Dokokin suna da asali. Ƙa'idar da ta hana shiga jirgi da ruwa ko turare fiye da mililita 100 a jakar hannu ta samo asali ne a 2006, bayan da 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo shirin tarwatsa jirage da abubuwan fashewa na ruwa. A ranar 25 ga Disamba 2009 kuma, Umar Farouk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya tashi daga Amsterdam zuwa Detroit. Bayan haka Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake tsananta wa matafiyansu bincike, na'urorin haska jiki kuma suka yawaita.

Duk da haka, matafiyi yana da haƙƙi. A mafi yawan filayen jirgi, mace ce ke laluben mace. Wadda aka buƙaci ta ɗaga hijabi ko niƙabi tana iya neman a kai ta keɓaɓɓen wuri. Wanda aka ci wa mutunci yana iya neman ganin shugaban jami'an da ke bakin aiki, cikin natsuwa, don hayaniya a wurin na iya sa jirgi ya tashi ya bar shi.

Babban haɗarin dai yana cikin jaka. A al'adarmu, mai tafiya ba ya ƙin karɓar saƙo, ko kilishi ne ko magani za a kai wa ɗan uwa. To amma a filin jirgi, duk abin da aka samu a kayan da ke ɗauke da sunan mutum, nasa ne. A Disamba 2018 hukumomin Saudiyya suka kama wata ɗaliba 'yar jihar Jigawa da ta je Umara, bayan an samu ƙwayar tramadol a wata jaka mai sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu ne a filin jirgin Kano suka liƙa wa jakar sunan ba da saninta ba. Sai a ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa.

Don haka ya kamata matafiyi ya haɗa kayansa da hannunsa, ya ƙirga jakunkunan da aka auna, ya tabbatar adadin ya yi daidai da takardun shaidar da aka ba shi. Ya buɗe kowane saƙo a gaban mai shi, wanda ya ƙi a buɗe kuwa ya riƙe abinsa. Masu zuwa Saudiyya su bar goro a gida, domin hukumomin alhazai sun sha gargaɗi a kansa.

Matasan Matameye da ke rakiyar iyayensu zuwa Kano ko Yamai su ne za su fi taimakawa, ta hanyar bayyana wa tsoho abin da zai tarar tun kafin a bar gida. Iyakar ɗan rakiya ƙofa, daga nan tsohon shi kaɗai zai shiga layi.